Bayan Aiki, Baldo

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Mun binne Baldo yau. Tun safe ake ruwa, maƙabartar ta zama taɓo, sai da muka canja hannu sau uku kafin mu kai akwatin bakin rami. Matarsa Edelmira ba ta kalle ni ba. Ba ta kalli kowa ba, don haka bai kamata in ɗauki abin da wata manufa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shugabancin masu nutso a gonar kifin nan, inda ake kiwon kifi a kejunan raga cikin teku, kuma kullum ni nake cika littafin aiki: wa ya shiga ruwa, ƙarfe nawa, zurfin mita nawa, yaushe ya fito. Shafin Talata yana nan. Baldomero Cárcamo, keji na bakwai, ya shiga tara da minti goma. Gurbin fitowa ne na rasa abin da zan sa. Fitowa dai mun fito da shi.

Wannan littafin kuwa matata Clorinda ce ta sayo mini a garin Quellón. Ta ce tunda ba na magana da mutane, in gwada takarda.

Juma'a, 8 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Mun koma gidanmu na kan ruwa. Masu bincike sun zo sun kwance injin iska, sun auna tiyo daga farko har ƙarshe, sun ce babu abin da ya same su. Sun daɗe da Evaristo a ɗaki, don shi ne yake riƙe da tiyon Baldo ranar. Dokarmu kowa ya san ta: wanda ke ƙasa yana shaƙar iska ta tiyo, wanda ke cikin kwale-kwale yana riƙe da tiyon a hannu. Ja ɗaya, lafiya. Ja uku, fito da ni. Evaristo ya ce ba a ja ba. Kumfar numfashi ce kawai ya ga ta daina tasowa, sai ya yi ihu, Lisandro, abokin nutsonsa, ya faɗa ruwa ya ɗauko shi.

Ni tambaya biyu suka yi mini. Na amsa abin da aka tambaye ni.

Manaja ya bugo waya. Matattun kifi suna taruwa a ƙasan kejuna, in ba a kwashe ba cuta za ta kama sauran. Na tara mutane a kicin na ce Litinin za a koma ruwa.

Lisandro ya ce, "Litinin ɗin nan, Maigida?"

Na ce, "Akwai wata?"

Aiki ne maganin irin wannan. Haka aka yi mana lokacin da nake nutso, haka muka warke.

Lahadi, 10 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ina gida ina gyaran shinge, na ji an ja hannuna na dama. Sau ɗaya. Na duba, waya ce kawai a hannun.

Litinin, 11 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

An kwashe keji na ɗaya zuwa na huɗu. Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya yi wasa. A da Baldo ne yake fara tsokana tun kafin a tayar da inji, yana cewa Lisandro ba ya buƙatar dalma a ƙugu, cikinsa ya isa ya nutsar da shi. Yau sai ƙarar inji.

Rigar nutson Baldo tana rataye a ƙugiya ta biyu. In iska ta kaɗa, hannuwanta suna motsi. Na sauke ta na naɗe na sa a akwati, don na ga kowa yana kauce mata da ido. Da Lisandro ya fito daga ruwa ya tsaya gaban ƙugiyar yana ɗiga.

"Wa ya cire?"

"Ni."

"Ko kwana bakwai bai yi ba, Don Arístides. Gadon ma ka ba da haya mana."

Na wuce ofis. Shugaba ba ya cacar baki da mutanensa.

Laraba, 13 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Yanzu ina rufe ƙofar ofis. A da a buɗe take wuni. Akwai inda Baldo yake jingina kafaɗa a jikin katakon in ya zo, har fentin wurin ya yi duhu. Tebur ɗina yana kallon wurin. Na juya teburin ya kalli taga.

Ba zan rubuta maganar ƙofa ba.

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Doña Ubaldina mai dafa mana abinci ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha daga ƙoƙo ɗaya, ya fara zagayawa yadda aka saba. Ya je hannun Evaristo, ya miƙa ba tare da ya sha ba. Ya je hannun Lisandro. Daga Lisandro ni ne, amma sai ya miƙa hannu ta gabana ya mayar wa Doña Ubaldina. Na yi kamar ina duba waya.

Keji na bakwai har yau ba a taɓa shi ba. Kullum ina sa shi a jerin gobe.

Juma'a, 15 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Kamfani ya turo wata mata daga Santiago babban birni, Señorita Maite, wai ta koya mana yadda ake zama da baƙin ciki a wurin aiki. Ta zo da takalmi fari, ta sauka daga kwale-kwale jiri yana ɗibarta. Ta raba mana takarda mai zanen fuskoki, wata na dariya, wata na kuka, wata ta ɗaure. Ta ce kowa ya nuna wadda ta yi kama da zuciyarsa.

Lisandro ya juya takardar gaba da baya. "Señorita, babu mai kama da kifin da ya kwana uku a ƙasan keji?"

Aka yi dariya, ta farko tun ranar. Ita ma ta yi. Ta ce ya zana da kansa, kuma ya zana. Evaristo ya ɗora yatsa a kan wata fuska bai ɗaga ba har aka tashi. Ban ga ko wacce ba ce.

Da za ta tafi ta same ni a bakin tsani.

"Don Arístides, kai kaɗai ne ba ka zaɓa ba."

"Ni shugaba ne. Su aka zo dominsu."

"Kai suke kallo ai. In ka yi kamar ba a yi mutuwa ba, dole su ma su yi, kuma ba za su yafe maka ba." Ta gyara jakarta. "Tun da abin ya faru, akwai wanda ya tambaye ka yadda kake?"

Na ce mata ta kula da matakala ta uku, tana da santsi.

Lahadi, 17 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

An sake jan hannuna sau ɗaya, ina aski. Ja ɗaya lafiya ke nan. To me ya sa nake tsayawa ina jiran sauran biyun?

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Daga asibiti nake. Lisandro yana ƙasa a keji na biyar, mita goma sha takwas, Evaristo na riƙe da tiyo. Ba zato sai na ga Evaristo yana janyo tiyon da dukan ƙarfinsa, hannu bayan hannu, yana kiran sunan da ba na Lisandro ba. Kafin in kai gare shi ya riga ya fito da mutum sama kamar an fizgo guga. Duk mai nutso ya san abin da saurin fitowa yake yi wa jini. Shi ya lalata mini ƙugu, shi ya raba ni da ruwa.

Mun sa wa Lisandro iska, muka yi gudu da shi. Likita ya ce an yi sa'a, kafaɗa ce kawai, zai kwana biyu. Lisandro ya ce shi bai ja komai ba, yana cikin ɗinke raga ya ji an tsinko shi.

A cikin kwale-kwalen, gaban kowa, na faɗa wa Evaristo wata magana.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Doña Ubaldina ta shigo ofis ba ta ƙwanƙwasa ba. Ita kaɗai ce ba ta sa mini Don na girmamawa a gaban suna, don tare da mahaifiyata suka taso.

"Arístides, maimaita mini abin da ka ce wa bawan Allahn nan jiya."

"Raina ne ya ɓaci."

"Ɗaya bai ishe ka ba. Haka ka ce. Ɗaya bai ishe ka ba." Ta zauna a kujerar baƙi tana goge hannu da zanin gabanta. "Sati biyu ina zuba masa abinci ina kwashewa yadda na zuba. Ka lura? Wandonsa da igiya yake ɗaure shi yanzu. Ka san zurfin kowane keji, amma ba ka san wannan ba."

Na ce ina da aiki.

"Na sani. Ranar Talatar ma kana da aiki. Ina bayan bangon nan ina wanke tukunya, kuma bangon katako ne." Ta tashi. "Ba zan faɗa wa kowa ba. Ba nawa ba ne."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe. Na daɗe kafin in tashi in rufe.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Manaja yana son rahoto kafin Litinin. Ya ce abu biyu a hannun mutum ɗaya cikin sati biyu ba ya buƙatar dogon bayani, in rubuta sunan Evaristo, su za su yi sauran. Ya ce, "Kai ba ka da matsala, Don Arístides, takardunka tsaf suke."

Tsaf suke kuwa.

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Na fito da sassafe na tarar da Evaristo zaune a kwale-kwale shi kaɗai, inji a kashe. Ya warware tiyo ya riƙe, idonsa a rufe. Da ya ji takuna ya ce, "Maigida, don Allah kama wancan bakin. Ka ja mu gani. A hankali, yadda wanda ƙarfinsa ya ƙare zai ja."

Na kama. Na ja kaɗan.

"Ɗaya," in ji shi.

Na rage ƙarfi, na ja da yatsa biyu.

"Ɗaya."

Na ɗan motsa shi kawai, abin da ko ni ban tabbata na yi ba.

"Ɗaya." Ya buɗe ido. "Ka gani? Ina ji. Shekara tara ina ji. To ranar me ya sa ban ji ba? Ko na juya ne in kalli tsuntsu? Na yi ta tunani, na kasa tuna inda idona yake. In ka rubuta sunana ba zan ji haushi ba, Maigida. Gaskiya ka faɗa ran Talata."

Mutum ne mai 'ya'ya uku, gemunsa ya fara fari. Na tsaya da tiyo a hannu. Na san tun ranar farko yake ɗauke da wannan, kuma na bar shi da shi, don muddin ana kallonsa ba a kallona.

Asabar, 23 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Lisandro ya dawo da hannu a rataye. Bayan an ci abinci na ce kada kowa ya tashi. Zan rubuta yadda na faɗa, don kada gobe in gyara.

Na ce ranar Talata, biyar ga wata, wajen takwas da rabi, Baldo ya zo ƙofar ofis ya jingina. Ya riga ya sa rigar nutso zuwa ƙugu. Ya ce, "Maigida, kana da minti biyar? Akwai maganar da nake so mu yi." Na ɗago na kalle shi. Fuskarsa ta yi fari-fari, leɓensa a bushe, kuma bai yi tsokana ba, mutumin da ko gaisuwa sai ya sa mata wasa. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Sai na kalli agogo, don jirgin abincin kifi yana hanya kuma muna baya da keji biyu. Na ce, "Bayan aiki, Baldo." Ya ɗan tsaya. Ya ce, "To, bayan aiki." Da yake sa safar hannu a kwale-kwale, sau biyu tana faɗuwa. Wannan ma na gani. Ni ne mai cewa wa zai shiga wa ba zai shiga ba, kuma na ce ya shiga.

Na juya wajen Evaristo na ce, "Ba ka ji an ja ba don ba a ja ba. Abin da na faɗa maka a kwale-kwale ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa. Ka yafe mini in za ka iya."

Ruwa yana bugun ƙasan gidan.

Lisandro ne ya fara. Bai ɗaga murya ba. "Kwana goma sha takwas kana zaune kana kallon mutumin nan yana narkewa."

"Haka ne."

"Ka sauke rigarsa. Ka juya tebur. Mu muna cewa ba ka da zuciya, ashe ɓoye ta kake yi kamar kayan sata."

"Haka ne."

Evaristo ya ce, "Me yake so ya gaya maka?"

Na ce ban sani ba. Ciwo ne, ko gida ne, ko tsoro, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ya sa kansa a kan tebur. Doña Ubaldina ta dafa bayansa. Ni na zauna inda nake, don ban ga ina da izinin tashi ba.

Litinin, 25 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na aika rahoto. Sunana ne a ciki, da abin da na gani da abin da na ce. Na ƙara da cewa Evaristo yana buƙatar hutu da likita, ba kora ba, kuma na dakatar da nutso kwana biyu.

Manaja ya bugo cikin minti ashirin. "Ka san abin da ka yi wa kanka?" Na ce na sani. Ya ce ranar ɗaya ga wata za a turo wani ya riƙe wurin har a gama dubawa.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Kafin a tayar da inji na tsayar da su, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya yadda suka kwana, da ko akwai wanda ba ya jin shiga ruwa yau. Muryata ta fito kamar ina karanta doka.

Lisandro ya ce, "Tambayar ma ba ta dace da bakinka ba, tsoho. Kamar an sa wa bijimi hula."

Amma da na zo kan Evaristo, ya kalli tiyo ya ce, "Yau ba zan iya ba."

Na ce, "To. Zauna kusa da ni, ni zan riƙe."

Mun yi keji na bakwai. Wani mai nutso da aka aro mana daga wata gona ne ya shiga. Minti talatin da biyar ina riƙe, Evaristo yana ƙirga kumfa a hankali a gefena. Babu komai a ƙasa sai matattun kifi.

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Jan hannun nan bai daina ba.

Asabar, 30 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Dankalin Baldo ya isa tono, ruwan saman lokacin sanyi kuma ya kusa, don haka maƙwabta suka kira gayya a gonar Edelmira. Lisandro ne ya gaya mini, yana kallon wani wuri. "Ana neman hannu. Ba a ce ban da kai ba."

Mun fi mutum ashirin. Muka yi ta tono tun safe, mata suna gurza dankali suna soya milcao, wato wainar dankali, a bakin gona, hayaƙi yana bin kunya. Evaristo ya ci uku, na ƙirga. Da rana ta karkata na ga Edelmira ita kaɗai wajen buhuna tana ɗaure baki. Na je na cire hula na faɗa mata duka, yadda na faɗa a kicin.

Ba ta daina ɗaurin ba sai da na gama.

Na ce, "Señora, ko kin san abin da yake so ya faɗa?"

"Da na sani da na yi barci." Ta ja igiya ta ƙulla. "Da sauran duhu ya bar gida, ina kwance. Na ji ya tsaya a bakin gado, na yi kamar ban farka ba don sanyi. Ban ga fuskarsa ba ranar, Don Arístides. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce mini lafiyarsa ƙalau, yana ta dariya. Na san ba haka ba ne. Kai ne na farko da ya ce ya kalle shi."

Ta zauna a kan buhu, ta nuna mini na kusa da shi.

"Ban ce na yafe ba. Zauna ka gaya mini yadda yake."

Na gaya mata. Farin fuskar, bushewar leɓen, yadda ya jingina. Ta ce in sake, a hankali. Na sake. Ta tambaye ni wace riga ce a ciki, na ce mai ruwan toka, wadda wuyanta ya saki. Ta gyaɗa kai. Ta ce in sake.

A karo na uku ne na tuna abin da ban san na riƙe ba. Na ce akwai ɗan yanka a haɓarsa, nan gefen hagu, ya manna masa guntun takarda, ya manta bai cire ba.

Ta rufe baki da hannu. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta fara zuwa.

"Shekara ashirin da biyu," in ji ta. "Kullum sai na cire masa a bakin ƙofa."

Daga nan kukan ya zo. Ban tashi ba. Muka zauna a kan buhunan har aka kira mu cin abinci.